Aron Ƙafa

"Baba, me kake yi wa wuƙar mutane?"

Bai ɗago ba. Yana zaune a kujerarsa ta roba a ƙofar ɗakinsa, ya sunkuya iyakar yadda kumburin cikinsa ya bar shi, yana goga bakin wata wuƙa a kan simintin matakala. A hankali yake yi, kamar mai shafa wa burodi bota. Ni kuwa shara na fito zubarwa da sassafe, kwandon yana hannuna.

"Rage murya, Tela," ya ce. "Tagar ƙanwarki a buɗe take."

"Ai wannan wuƙar mahauci ce. Jiya da idona na ga ka wasa ta."

"To, yau ta dakushe."

"Kai ka dakusar da ita."

"Da na ce miki aljani ne?"

Ya taɓa bakin wuƙar da babban yatsansa, ya gyaɗa kai, ya jefa ta cikin kwandon aiki. Sannan ya ɗauko wata, ko a jikinsa.

Gidan da muke haya dogo ne, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida mai siminti, ƙofa ɗaya ce take fita titi. Ɗakin Baba Mai Washi shi ne na farko in ka shigo, namu ne ke biye, bango ɗaya ya raba mu. Ɗaki biyu nake riƙe da su, ɗaya na kwana, ɗaya na mai da shi shagon ɗinki. Ni da ƙanwata Auta ne kawai, tun da iyayenmu suka rasu.

Auta malamar lissafi ce kafin ciwo ya zaunar da ita. Sunan ciwon dogo ne, na Turanci, likitocin ma da kansu sun gaji da shi sun taƙaita shi zuwa MS. Yadda aka yi mana bayani, garkuwar jikin mutum ce take juyawa ta riƙa cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyinsa, sai saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika ya riƙa makara a hanya, ko ya ɓace. Ni dai na fahimce shi ne da wayar dutsen gugata da ɓera ya ɗanɗana, wani lokaci ta kawo wuta, wani lokaci ta ƙi. A jikin Auta ƙafar hagu ya fi kamawa. Tana jan ƙasa in tana tafiya, ga wata irin gajiya da barci ba ya maganinta, in kuma rana ta yi zafi sai komai ya ninku.

A asibiti an sa ta ajin motsa jiki tare da masu irin ciwonta, na 'yan watanni. Suna hawa keken da ba ya tafiya, suna ɗaga ƙafa, suna koyon tsayuwa. Ban yarda da abin ba da farko, don ni a ganina mara lafiya hutu yake bukata. Amma na ga aiki da idona. Kafin a rufe ajin, Auta tana zuwa tashar mota ba sanda, ta dawo har ta tsaya sayen albasa. Ranar sallama malamar motsa jikin ta riƙe hannunta a gabana.

"Wannan ba allura ba ce da ake yi sau ɗaya," ta ce. "Ciwon yana nan. Abin da kika samu kuma ba ajiya ba ce. In kika daina, zai zube a hankali."

Auta ta ce ta ji. Makonnin farko ta yi ta yi a tsakar ɗaki, tana dafa bango. Daga nan aka shiga "anjima", daga anjima aka koma "gobe". Da na yi mata magana sai ta juya mini baya.

"Yaya, a can ana jirana. In ban je ba a tambaya. A nan wa zan yi wa? Bango?"

Ban matsa ba. Ni dai ina ganin ta yunƙura zan ce ta zauna, na ɗauko mata. Ruwa, tsefe, caja, ko me ne ne, kafin ta miƙa hannu na kawo. Ba a daɗe ba na fara jin silifas ɗin hagu yana share siminti kamar da, sanda kuma ta fito daga bayan ƙofa. Wannan ƙarar ta silifas na tsane ta fiye da komai a duniya.

Baba Mai Washi shi ma a lokacin zaune yake. Duk rayuwarsa a kan keke ya yi ta, yana zaga unguwanni yana busa usur. In aka kira shi sai ya ɗora keken a kan ƙarfen tsayuwa, tayar baya ta bar ƙasa, ya ɗaura bel, ya hau ya taka feda, dutsen washi ya riƙa juyawa a gabansa. Sai zuciyarsa ta kumbura, ƙafafunsa suka cika kamar an hura, likita ya ce shi da feda sai kallo. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa guda direban babbar mota ne, yana hanya kullum. Keken ya zauna a tsakar gida a rufe da tsohon tamfol.

Wata safiya ya tako har bakin shagona yana haki, ya dafa ƙofa.

"Tela, aro na zo."

"Me za a ara maka, Baba? Sukari?"

"Ƙafa."

Na tsai da keken ɗinki na dube shi.

"Hannuna lafiyarsa lau," ya ce. "Idona ma haka. Ƙafa ce ba ni da ita. Ki ara mini ta ƙanwarki da safe, in dawo miki da ita kafin rana ta yi zafi."

"Baba, ka rasa ƙafar da za ka ara a duk unguwar nan sai wadda ba ta da lafiya?"

"Masu lafiyar duk suna da wurin zuwa."

Daga cikin ɗaki na ji Auta ta tuntsire da dariya. Na manta rabon da in ji wannan dariyar, amma duk da haka na ce ban yarda ba. Na kira malamar motsa jiki a waya, da niyyar ta hana, in samu abin kafa hujja. Sai ta hau tambayata ko ƙarfen tsayuwar yana da ƙarfi, ko sirdin zai sauko daidai tsawon Auta. Ta ce a yi da sanyin safiya, a sa mata jiƙaƙƙen tawul a wuya, a ɗaure ƙafar hagu a feda kada ta zame, ta kuma sauka tun kafin gajiya ta kayar da ita. Na ajiye waya ina jin haushin matar nan.

Baba ya kira mai walda ya cire dutsen daga gaban sirdi ya mai da shi baya, a gefen kariyar ɗaukar kaya, daidai inda hannunsa zai kai daga kujera. Ya yanko tsohon tub na taya ya yi wa fedar hagu maɗauri. Ranar farko Auta ba ta gama wuƙa ɗaya ba ta sauka tana rawar jiki. Na taho da gudu da kofin ruwa da baki cike da magana, sai Baba ya riga ni.

"Rabin baki ya fita," ya ce mata. "Gobe ki zo mu ƙarasa. Mai shayi ba zai yanka burodi da rabin wuƙa ba."

Washegari ta zo.

Abin da na lura da shi, bai taɓa tambayarta yaya jiki ba. Da safe zai ƙwanƙwasa bango da gindin sukuddireba ya ce, "Inji, akwai aiki." Sunan da ya sa mata ke nan, kuma tana amsawa. In ta hau, maganarsa ba ta wuce uku: "Ƙara kaɗan." "Haka." "Riƙe nan." Tana ba shi baya, ba ta ganin abin da yake yi, sai dai ta ji kukan ƙarfe a kan dutse. Ranar da ya ga fuskarta ba daidai ba sai ya ce yau wuƙa ɗaya ce kawai. Ranar da ciwon ya taso mata sosai kuwa sai ya ce dutse ne yake hutu, ya yi zafi jiya.

Silifas ya daina share ƙasa. Ba wai ta warke ba, ciwon yana nan daram, amma sanda ta koma bayan ƙofa, Auta ta koma sayo albasa da kanta, har ta fara koya wa 'ya'yan maƙwabta lissafi da yamma.

Matsalar ita ce unguwarmu ba ta da girma, washin Baba kuma yana daɗewa. A cikin 'yan makonni duk wata wuƙa, da almakashi, da adda da ke layinmu sun yi kaifi kamar reza. Wata safiya kwando ya wayi gari babu komai. Baba ya ce Auta ta hau ko babu aiki, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za ta yi ta juya dutse a banza, ta koma ta kwanta. Washegari ma haka. Rana ta uku sai ga kwando cike, ban kuwa tambayi daga ina ba, sai safiyar nan da na kama shi yana goga wuƙar mahauci a matakala.

"Yanzu da kika gani, kin shiga ciki," ya ce mini. "Kawo tsofaffin almakasanki."

"Wannan ai yaudara ce, Baba."

"Wa aka cuta? Je ki kawo."

Na kawo. Ashe ni ce ta ƙarshen sani. Mai shayi yana ciki, mai aski yana ciki, mahauci ma shi ne ya fara bayarwa. Su kawo da yamma a ɓoye, Baba ya dakusar da sassafe, Auta ta taka, ya wasa, su karɓa da godiya kamar gaske. Mahauci ne kawai yake ƙorafi. Ya tare ni a ƙofar gida ya ɗaga wuƙarsa a rana.

"Anti Tela, dubi yadda ta rame. Da fa faɗinta ya kai tafin hannuna. Nan gaba da tsinke zan riƙa fawa."

"To ka daina kawowa."

"A'a, ni ban ce haka ba," ya ce, ya tura ta cikin kwando.

Haka muka ci kusan shekara. Auta ta koma asibiti a duba ta, malamar motsa jiki ta sa ta tafiya daga bango zuwa bango, ta tashi ta zauna, ta tsaya da ido a rufe. Ta ce yawancin waɗanda suka yi aji tare sun koma inda suka fito, don sun daina, Auta kuwa ta riƙe nata. Auta ta dawo ta faɗa wa Baba tana murna. Ya ce to madalla, amma gobe akwai adda biyu.

Shi kuma jikinsa yana ta ja da baya. Kumburin ya hau har ƙirji, ba ya iya kwanciya sai a jingine da matasai. An kwantar da shi asibiti, aka zuƙe ruwa, aka sallamo shi da jakar magani, ɗansa direba ya ajiye mota ya zo ya zauna da shi. Duk da haka da safe sai ya sa a fito da shi kujera. Wata rana ya ɗora wuƙa a dutse, na ga hannunsa yana karkarwa, wuƙar tana tsalle. Ya janye ta.

"Tela, zo ki riƙe mini. Yau hannun ma aro zan yi."

Na ce ni almakashi na iya riƙewa, ban san wannan ba. Ya ce in jawo benci in zauna. Ya ɗora hannunsa mai sanyi a kan nawa ya kai wuƙar bakin dutse. Tartsatsi ya tashi, na tsorata na ɗaga ta, ƙarfen ya yi wata ƙara mai tsinka haƙori.

"Yaya, kin miƙar da ita da yawa," in ji Auta, ba tare da ta waiwayo ba. "Kwantar da ita."

Na kwantar. Ƙarar ta yi laushi.

"Kin ji ko?" in ji Baba. "Ba ta taɓa ɗora wuƙa a dutse ba, amma kunnenta ya gama koyon aikin. Ke hannu, ita kunne da ƙafa. Ku biyu kun kusa zama mutum ɗaya mai amfani."

Daga ranar ni nake riƙewa, shi yana gefe yana gyara mini gwiwar hannu. Wata safiya bayan Auta ta sauka ta shiga wanka, na tashi zan bi ta da tawul, sai ya kama bakin zanena.

"Ta san inda tawul yake."

"Ƙasan banɗakin da santsi, Baba."

"Ta san da santsi. 'Yata, kina da hannu mai kyau, amma kin cika saurin ɗauke wa mutum kaya. Ki riƙa barin wani abu a ƙasa, ta samu abin sunkuyawa ta ɗauka."

Na ji zafin maganar, na ce masa shi bai san abin da na gani a kan yarinyar nan ba. Ya ce ya sani, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ban bi ta da tawul ɗin ba, amma ban yi masa magana ba har yamma.

Ranar da ya rasu, tun safe bai iya fitowa ba. Da la'asar muna ɗakinsa mu uku, ni da Auta da ɗansa. Ɗakin ƙarami ne, gado da rediyo, kwalabe cike da kusoshi da noti a jere a kan taga, hoton matarsa a bango, usur ɗinsa a rataye a ƙusa kusa da shi. Numfashinsa yana fita da ƙyar, yana tsayawa yana dawowa. Auta tana zaune a bakin gado tana riƙe da hannunsa. Ya buɗe ido ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Shiru ya yi yawa," ya ce. "Kamar gidan makoki."

Ɗansa ya kai hannu zai kunna rediyo, ya girgiza kai.

"Inji. Je ki tayar mini da dutse."

"Baba, babu aiki a kwando."

"Na sani. Jin sa nake so."

Ta dube ni. Rana ta yi sanyi, inuwa ta rufe tsakar gida. Na ce ta je. Keken yana daidai ƙarƙashin tagarsa. Muka ji ta cire tamfol, muka ji ƙarar sirdi, sai kacar ta fara, sai dutsen ya ɗauka, wani gunji mai laushi da ya cika ɗakin. Fuskar Baba ta saki. Babban yatsansa ya fara shafa ɗan manuninsa, yadda yake yi in yana gwada kaifi.

"Ta ƙara kaɗan," ya ce, da ƙyar na ji.

Na leƙa taga. "Ya ce ki ƙara kaɗan."

Gunjin ya ɗan ɗaga.

"Haka," ya ce.

Bai sake cewa komai ba. Numfashin ya tsaya, muka jira ya dawo kamar ɗazu, bai dawo ba. Ɗansa ya yi masa addu'a a kunne, ya shafa masa ido ya rufe. Ni kuma na tsaya a bakin taga ina kallon bayan Auta, kafaɗunta suna hawa suna sauka, ƙafar hagu tana zagayawa daidai da ta dama. Na buɗe baki in kira ta, na kasa. Sai da ta ji kukan ɗansa sannan ta tsaya da kanta, dutsen ya ci gaba da juyawa shi kaɗai har ya gaji.

Aka kai shi makwancinsa. Mutane suka zo gaisuwa suka watse. Aka mai da tamfol kan keke.

Auta ba ta sake kallon inda yake ba. Mahauci ya kawo wuƙa, ta ce a mayar masa. Da na yi mata magana sai ta hau ni da faɗa, irin wanda ba ta taɓa yi mini ba.

"Ina can ina juya dutse kamar wawuya, shi yana tafiya. Kina tsaye a taga kina kallona. Me ya hana ki kira ni?"

"Shi ya ce yana son ji."

"Ni kuma hannunsa nake son riƙewa."

Har yau ban sani ba ko daidai na yi.

Makonni suka wuce. Ta sallami yaran lissafi, ta koma kwanciya har hantsi. Sai wata safiya ina yanka yadi na ji abin nan da nake tsoro, silifas yana share siminti. Bayan kwana kaɗan ta fito da kofin shayi, yatsun ƙafar hagu suka kama dokin ƙofa, ta zube a gwiwa, kofin ya tarwatse. Na jefar da tef ɗin awo na taso, har na kai hannu, sai na tsaya. Ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan tsayuwar ba. Ta dube ni da mamaki, sannan ta kama ƙofa ta ja jikinta ta miƙe, ta tsince fasassun da kanta. Da yamma na ga sanda a jingine a bakin gadonta.

A makon ɗan Baba ya zo kwashe kaya, don mai gida ya samu sabon ɗan haya. Ya loda gado da rediyo da kwalaben kusoshi a mota. Ya cire hoton mahaifiyarsa ya naɗe a riga. Da ya gama sai ya jawo keken da kujerar roba ya ajiye su a ƙofarmu, ya rataya usur a ƙahon keken.

"Waɗannan ba nawa ba ne, Anti," ya ce. "Ya faɗa mini tun yana da baki. Keke na mai ƙafa ne, kujera ta mai hannu."

Auta tana ciki, na san ta ji. Ba ta fito ba.

Washegari da sassafe na tashi da shawarata. Tsofaffin almakasan nan na san ba za su motsa ta ba, sai na ɗauko babban almakashina na yanka, wanda ko Auta ba na bari ta taɓa. Na ce zan ɗan dakusar da shi kaɗan kawai, yadda zan nuna mata ba ya cin yadi. Na je matakalar ɗakin Baba na tsuguna, na buɗe shi na hau gogawa a gefen simintin. Ni da ban iya yin abu a hankali ba, na danna da ƙarfi. Ƙarar ta cika tsakar gida.

"Ba haka yake yi ba."

Na waiwaya. Auta ce a ƙofarmu, da sanda, da ɗankwali a karkace.

"Wa?"

"Baba. Shi a tsakiya yake gogawa, inda simintin yake da santsi, kuma shafawa yake yi. Ke kin samu gefe mai kaushi kina sara kamar mai faskare."

Na zauna daɓas a ƙasa. "Kin sani?"

"Yaya, tagata a nan take. Tun ranar farko nake ji. Kuma wace irin wuƙa ce take dakushewa kullum? Ni fa lissafi na koyar."

"To me ya sa ba ki taɓa magana ba?"

"Dattijo mai ciwon zuciya yana tashi tun duku-duku yana ɓata wuƙa saboda ni, sai in fito in ce masa na gane?" Ta share ido da bayan hannu. "Ya sha wahala a kan ƙaryar nan. Ai sai in taya shi."

Ta tako a hankali, silifas yana sharar ƙasa, ta karɓi almakashin ta ɗaga shi a haske. Ta taɓa bakin da babban yatsa. Fuskarta ta sauya.

"Wannan ba na yanka ba ne?"

"Shi ne."

"Kin ɓare masa baki. Dubi nan, har wuri biyu. Yaya, da wannan fa muke ci. Kayan 'yan makarantar nan da kika karɓa, da me za ki yanka su?"

Na karɓa na duba. Gaskiya ta faɗa. Na ciro ƙyalle daga aljihu na gwada, ya tauna shi ya ƙi yankawa. Wannan karon babu wasa a ciki.

"Shi ke nan," na ce. "Na kashe shi."

"Bai mutu ba. Amma zai ci dutse sosai." Ta yi tsaki. "Shi Baba ko ɓarna zai yi, da ilimi yake yi."

Ta tsaya tana kallon keken. Na danne hannuwana a cinya. Ta jingine sanda a bango, ta janye tamfol, ƙura ta tashi. Hawan ya ba ta wuya. Sau biyu ta ɗaga ƙafa ta kasa ƙetarawa, a na uku ta kama ta da hannu ta ɗora. Ta sunkuya ta zura ƙafar hagu a maɗaurin tub da kanta.

"Jiƙo mini tawul," ta ce. "Kuma ki kwance ƙusar almakashin, baki ɗai-ɗai ake wasawa."

Na jiƙo na ɗora mata a wuya. Na kwance ƙusar, na jawo kujerar roba gefen kariya. Ƙafafun kujerar sun ɗan buɗe saboda nauyin Baba, da na zauna sai ta karkata yadda ta saba.

Feda ta yi nauyi da farko, kacar ta bushe tana ƙara. Ƙafar hagu tana makara, ta dama tana jan ta. Sannu a hankali dutsen ya ɗauka. Na ɗora bakin almakashin.

"Kwantar da shi," ta ce, tana haki, ba ta waiwayo ba.

Na kwantar.

"Haka. Riƙe nan."

Mai shayi ya leƙo ta ƙofar gida da wuƙar burodi a hannu, ya tsaya bai shigo ba. Tartsatsi yana zuba a kan siminti kusa da ƙafata, usur ɗin kuma yana lilo a ƙahon keke, yana ɗan taɓa ƙarfe duk sanda feda ta zagayo.